Tukuicin Madugu

Na daɗe ina kewaye wannan babi. Tun da na koyi haɗa baƙi da wasali a ajin yaƙi da jahilci na rubuta muku ƙuruciyata a Sule Tankarkar, na rubuta aurena da zuwana Gumel, amma duk sa'ad da alƙalami ya iso shekarar da na shiga jirgin ruwa sai in rufe littafin in tashi in nemi wani aiki. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne maganar da yayanku Abba ya yi a tsakar gida da ƙaramar salla, lokacin da ɗansa Sale ya ce ya sami aikin kai wa baƙi abinci a wani otal a Kano. Abba ya ce ba da yawunsa ba, su jikokin Madugu ne, kuma a gidan nan ba a taɓa yin wanda ya ɗaukar wa wani ƙato faranti ba. Ina zaune a tabarma ina tsintar wake, na ci gaba da tsintata, kun san halina. Amma tun daga ranar maganar ta ƙi barina.

Kakanku dai ko a takarda ba zan iya faɗin sunansa ba, surukina ne. Sunansa yayanku ya ci, shi ya sa nake ce masa Abba. Madugu kowa ke kiransa, kuma ba sunan banza ba ne. Da ƙuruciyarsa ya ja ayarin jakuna, ya ɗauko kanwa daga wajen Damagaram ya gangara kudu, ya komo da goro. A shekarar babbar yunwa jakunan suka ƙare, wasu suka mutu, wasu aka sayar aka ci. Sai ya tafi Ikko da sanda kawai a hannu. Bayan wani lokaci aike ya fara zuwa: huhun goro, turmin zane, kuɗin haraji, kuɗin hatsi idan damina ta gaza. In ya zo gida yakan zo da babbar riga da rawani, zaure ya cika da masu gaisuwa, har daga Maigatari. Duk Gumel an san Madugu yana da rumfar goro a Ikko. Ni ma haka na sani. Da aka kawo ni gidan sau ɗaya ya zo, kuma ban ga fuskarsa sosai ba, don in na ji takunsa nakan shige ɗaki, in kuwa ya rutsa da ni sai in durƙusa in sunkuyar da kai har ya wuce. Ƙafafunsa na fi sani. Babban yatsansa na dama a karkace yake, jaki ne ya taka shi tun yana saurayi.

Mahaifinku a lokacin shi ne kukun wani Bature mai sayen fata da ƙiraga a kasuwar Maigatari. Matar Baturen, wadda muke ce wa Uwargida, ta zo da 'yarta ƙarama, abin da ba kasafai matansu ke yi ba a zamanin. Ran Alhamis suka iso, sai ma'aikatan gidan suka sa wa yarinyar Lami. Ban haihu ba tukuna, nakan kai wa mahaifinku saƙo can, yarinyar ta liƙe mini, har aka ɗauke ni raino. A bayana ta koyi Hausa, ta fi uwarta iyawa nesa ba kusa ba. Da damina zazzaɓi ya kama ta ya bar ta kamar kara. Likita a Kano ya ce a kai ta ta sha iskar teku. Ashe akwai jirgin da ba fatauci ya fi damunsa ba, yana bin gefen teku daga Ikko, ya tsaya nan ya tsaya can, masu kuɗi su ci su sha su kwanta, sa'an nan ya komo da su inda ya ɗauke su. Uwargida ta ce ba ta zuwa sai da ni.

Gida ya ɗauki zafi. Iya, uwar mahaifinku, ta ce ba a gidanta za a fara jin matar aure ta kwana a kan ruwa ba. Ƙanwarta ta ce ai wanda ya ci abincin Nasara kwana da kwanaki sai an yi masa wankan tsarki. Mahaifinku ya yi ta lallashi, yana cewa in na ƙi, aikinsa ne zai tafi. Ni ba wanda ya tambaya, ina gefe ina jin su kamar ana cinikin akuya. Abin da ya juyar da Iya kalma ɗaya ce, Ikko. Da ta ji ta nan za a bi sai ta shiga ɗaki. Kashegari ta fito da ƙunshi a tsohon zane: kuka, daddawar da ta yi da hannunta, kilishi, da yajinta wanda ta ce Madugu ba ya jin daɗin tuwo sai da shi.

“Hannu da hannu za ki ba shi,” in ji ta. “Kada ki ba ɗan aike. Ki duba mini ko ya rame.”

A lokacin ana cikin shimfiɗa layin dogo ta wajen Gagarawa, bai fara aiki ba, sai muka bi mota zuwa Kano, daga nan jirgin ƙasa. A Ikko na roƙi Uwargida, ta haɗa ni da mai gadin masaukinmu, wani Bakatsine, ya kai ni zangon Hausawa. Na tambayi rumfar Madugu na Gumel. Masu goron suka dubi juna. Wani dattijo ya ce Madugu ya yi tafiya, sai an kwana biyu. Na tambayi wanda ke tsare masa rumfa, dattijon ya ce in gaida gida. Na koma da ƙunshina, ban kawo komai a rai ba.

Jirgin nan, 'ya'yana, unguwa guda ce a kan ruwa. Ba zan ɓata takarda kan tsoron da na ji ba, ko yadda ƙasa ta ƙi tsayawa wuri ɗaya a ƙarƙashin ƙafata. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cin abinci. Mutanen nan ba su da wata sana'a sai ita. A buga ƙararrawa su ci, su hau sama su mimmiƙe a dogayen kujeru suna kallon bishiyoyin kwakwa a gaɓa, a kawo musu shayi, a sake buga ƙararrawa su canja tufafi su koma ci. Yara da masu rainonsu kuwa an ware musu ƙaramin ɗaki, su ake fara ba. Tebur an rufe shi da farin ƙyalle wanda ni da zan samu da na ajiye don salla. Kowane tebur da boyinsa, shi zai kula da ku tun daga ranar shiga har ranar fita. Suna sanye da fararen riguna 'yan guntaye masu maɓallan tagulla, kai ba hula, ƙafa ba takalmi. Ba a kiran sunansu, yatsu ake kaɗa musu. Kuma dokar wurin ita ce ta hagun mutum ake ajiye masa abinci, abin da a garinmu ko bawa ba a yi wa.

Na zaunar da Lami, ni ma aka nuna mini kujera, karon farko a rayuwata. Ina ɗaura mata adiko a wuya, kaina a ƙasa, sai ga ƙafafu sun tsaya ta haguna. Na ga babban yatsa a karkace.

Ban ɗaga kai ba. Ban bukaci ɗagawa ba. Farantin da ke hannunsa ya ɗan kaɗa, romo ya ɗiga a kan farin ƙyallen, daga nan na san shi ma ya gane ni. Ya ajiye na Lami, ya ajiye nawa, ya ja da baya ya tsaya jikin bango, hannuwa a baya, kamar yadda sauran ke yi. Surukina yana tsaye, ni ina zaune a kujera. Na so in zame in durƙusa, gwiwoyina har sun fara, sai na tuna da sauran masu raino da ke kallo, na tuna da dattijon zango da ya ce in gaida gida. Na gane duk wanda ya sani a Ikko ya rufa masa asiri, kuma in na durƙusa ni ce zan tona. Na zauna kamar an dasa ni. Na ba Lami abincinta. Nawa ban taɓa ba.

Ku 'yan yanzu za ku ce mene ne a ciki. Mu a yadda aka rene mu, mace ba ta ko shan ruwa a gaban surukinta, balle ta buɗe baki ta sa loma, balle kuma a ce shi ya kawo mata, shi zai ɗauke kwanon da ta ɓata. Ba taurin kai ba ne. Kunya ce. Haka aka yi ta yi, safe da rana da yamma, yana ajiyewa yana ɗaukewa yadda ya ajiye. Wani lokaci nakan saci kallonsa ta ƙyallin cokali. An rage masa gemu. Wani yaron Bature da bai wuce na goye da yawa ba ya jefar da burodi ƙasa don wasa, ya kaɗa yatsu, mutumin da ake cika zaure don gaishe shi ya sunkuya ya tsince. Na ji kamar ni aka tuɓe a kasuwa.

Ina da ɗan ƙuli-ƙuli da na taho da shi, shi na riƙa tsakura a ɗakin kwananmu har ya ƙare. Ƙunshin Iya na nan a ƙarƙashin gado, ƙanshin kilishi na tashi, amma amana ce. Uwargida ta lura farantina na komawa a cike. Na ce tsoron naman alade nake. Ta sa aka riƙa kawo mini shinkafa da kifi zalla. Na ce ruwa ne ke juya mini ciki. Ta ba ni magani. Wata 'yar bakin teku mai rainon tagwaye, mai surutu, wadda ta ɗan iya Hausa, ta ce ko dai tsohon nan ne ba ya yi mini, in ce a canja mini saurayi. Sauran suka yi dariya. Yana tsaye yana ji.

Rannan da hantsi jirgi ya tsaya kusa da wani tsibiri mai dutse, yara a kwalekwale suna nutso suna kamo kwabban da Turawa ke jefa musu. Na ɗaga Lami a bakin ƙarfen da aka kewaye jirgin da shi don ta gani. Sai na ga ruwan ya yi baƙi, kunnuwana suka toshe. Allah ya sa baya na faɗi ba gaba ba. Na farfaɗo na tarar da Lami na tsala kuka a kan ƙirjina, Uwargida kuma fuskarta ta yi fari fat. Ba ni ta yi wa faɗa ba. Ta ce ita ta san ni da cin abinci a Gumel, lalle boyin teburinmu ne ke kawo mini abin da ba ya ciwuwa, ko yana yi mini wulaƙanci don ni baƙa ce. Ta aika aka kira shugaban boyi-boyin, wani dogon mutumin bakin teku. A gabana ya kira Madugu ya wanke shi tas da Turancinsu, yana nuna shi da yatsa. Mai rainon tagwaye ta fassara mini: in farantina ya sake komawa a cike, a Ikko za a sauke tsohon, dama an daɗe ana cewa ƙarfinsa ya ƙare.

Na san abin da ke cikin aikin nan. Harajin gidanmu ne, da hatsin bazara, da zanen Iya, da rawanin da yake naɗawa in ya doshi Gumel.

Da aka buga ƙararrawar rana na zauna. Ya zo ta hagu, ya ajiye wa Lami nata. Bai dube ni ba. Ya sunkuya kamar mai gyara mata adiko, ya yi magana da Hausa ƙasa-ƙasa, muryar da ban taɓa ji kusa haka ba.

“Lami, ki gaya wa mai goyonki, uban mijinta ya ce ta ci abinci. Ki ce mata ya san an yi mata tarbiyya, ya gani. Ya ce ya yafe mata kunyar nan har a sauka.”

Lami ta juyo ta ce mini, da bakinta cike da shinkafa, wai tsoho ya ce in ci. Na ɗauki cokali. Ya koma jikin bango, kuma dokar aikinsa ba ta bar shi ya juya baya ba. Na ci shinkafar nan loma bayan loma, hawaye na zuba a ciki, ina jin ƙarar taunata kamar ana daka a kunnena. Uwargida na tsaye a bakin ƙofa tana gyaɗa kai. Na cinye tas, don kada a sami abin faɗa. Ya zo ya ɗauke farantin da na ɓata, ya share gabana da ƙyalle. Na sha wuya iri-iri a duniya, na binne 'ya'ya biyu, amma ban taɓa jin na ƙanƙance kamar ranar ba. Haka na ci gaba da ci har muka juyo.

Na ɗauka shi ke nan. Ashe da saura. Al'adar jirgin ita ce ranar sauka kowa ya ba boyin teburinsa wani abu, har ma an ce abin da suke samu ta nan ya fi albashinsu. Suka jeru a bakin ƙofar ɗakin cin abinci, Turawa na wucewa suna sa musu a hannu. Uwargida ta ji daɗin yadda na murmure. Ta ba shi nata, sa'an nan ta kama hannuna ta sa mini dala guda ta azurfa, ta ce da Hausarta mai tsalle-tsalle in ba boyi da kaina, ai ni ya yi wa wahala.

A wurinmu tukuici daga sama yake gangarowa. Babba ke ba ƙarami, mai gida ke ba ɗan aike. Ban taɓa jin inda suruka ta ba uban mijinta ba. Da a ce zan durƙusa in miƙa da hannu biyu, da ya zama gaisuwa. Amma Uwargida na gefena, shugabansu na kallo. Na miƙa masa a tsaye, da hannu ɗaya, kamar yadda na ga matan Turawa na yi. Ya buɗe tafinsa ya karɓa. Ya ranƙwafa mini, ya yi godiya da Turanci, irin wadda ya yi wa kowa.

Da muka sauka, ana ta fama da akwatuna, na ce wa Uwargida zan kai saƙon gida. Na tsaya a bayan wani sito da ƙunshin Iya, inda na ga ma'aikatan jirgi na fitowa. Na jima. Can sai ga shi da babbar riga da rawani, da sandarsa, Madugun da na sani. Na zube a ƙasa a wurin, cikin ƙurar gawayi, na gaishe shi yadda ya kamata, na miƙa ƙunshin da hannu biyu na ce in ji Iya. Ya kwance bakin zanen, ƙanshin yajin ya taso. Ya tambayi lafiyar gida ɗaya bayan ɗaya, har da akuyar Iya. Sa'an nan ya sa hannu a aljihu.

“Wanda ya kawo saƙo daga nesa ba ya komawa hannu wofi,” ya ce. “Ungo tukuicinki, 'yata.”

Dalar nan ce. Na karɓa da hannu biyu, kaina a ƙasa. Bai ce in rufa masa asiri ba, ni ma ban ce zan rufa ba.

A Gumel Iya ta tsare ni da tambaya. Na ce na ba shi hannu da hannu, bai rame ba, ga ma tukuicin da ya ba ni. Ta tambayi girman rumfar, na ce a hanya muka gamu. Ta ce wace irin 'yar aike ce ni. Abin da ya biyo baya shi ne mai nauyin. Aike bai yanke ba, amma Madugu ya daina zuwa. Salla ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, na haifi Abba aka yi suna ba shi. Iya ta ce tun da na je Ikko mijinta ya juya wa gida baya, lalle wani abu na gaya masa, ko wani rashin kunya na yi a gabansa. Ƙanwarta ta ce ai dama sun faɗa. Na sha wannan magana shekaru, a bakin murhu da bakin rijiya. Na san abin da ya hana shi zuwa: ba zai iya zama a zaure ana faɗuwa ana gaishe shi ba, alhali a cikin gida akwai idon da ya gan shi yana tsintar burodi. Kalma ɗaya da ta wanke ni. Ban faɗe ta ba, ko ga mahaifinku, har ya koma ga Allah.

Sai da ƙafa ta gaza Madugu ya komo gaba ɗaya. Iya ta riga ta rasu, ni ke kai masa abinci. Nakan durƙusa ta damansa in ajiye in fita, ba mai duban wani. Wata rana da azahar, ba kowa a zauren, na ajiye akushi zan tashi, sai na ji ya yi gyaran murya.

“Da a can ne, da tuni an sallame ki,” ya ce. “Ta hagu ake ajiyewa.”

Na toshe baki da gefen mayafi na fita da sauri, ina jin dariyarsa a bayana har ta koma tari. Tsakanina da shi, iyakar abin da aka taɓa faɗa kan jirgin nan ke nan.

Yanzu ga shi na faɗa, kuma ina rubutun ina jin kunyarsa kamar yana tsaye jikin bango. Allah ya sa ya yafe mini wannan ma. Abba, hatsin da ya raya ubanka da baffanninka, da ragon da aka yanka ranar sunanka, daga farantin nan suka fito. Dalar tana cikin ƙaramin adudu a ƙarƙashin gadona. Ka kira Sale ka sa masa albarka, ka ba shi ita da hannunka. Daga sama tukuici ke gangarowa.